Majlis mai mita 4 da 6: hoton da manhaja ta zana zai zauna a ƙasa kuwa?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar masana nake nema. Majlis ne, wato falon baƙi, a shaggar haya (sashen gidan bene) a Jidda, faɗi mita 4, tsawo mita 6, daga ƙasa zuwa silin mita 3, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na bango. An ɗauki hotonsa an ba wa ɗaya daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ta fito da wannan na biyun da na turo: manyan kujeru uku, silin mai hawa biyu da fitila a ɓoye, bango koren zaitun, labule har ƙasa. Za a iya miƙa wa mai dikor, wato mai ƙawata ɗaki, a ce ya yi haka, ko da abin da ya kamata a fara yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. A dakata da miƙawa. Jera hotunan biyu kusa da juna ki duba. A na asali akwai ginshiƙi da ya ɗan fito a kusurwar hagu, a sabon babu shi. Tagar ta ƙara faɗi ta kuma sauko ƙasa. Mukayyif ya ɓace gaba ɗaya, shi da soket biyun da ke ƙarƙashinsa. Dalili shi ne manhajojin da ke zana hoto ba su riƙe awon ɗaki. An horar da su da ɗimbin hotuna, abin da suka koya shi ne yadda kyakkyawan ɗaki yake kama a ido, kuma a hotunan talla da wuya ki ga mukayyif ko bututun ruwansa ko ginshiƙin da ya tsaya a inda ba a so. Shi ya sa take share su ba tare da an ce ta share ba. Ginshiƙi kuwa a gine-ginen nan na kankare shi ke ɗauke da bene, ba ya zuwa ko'ina.

Baba Kafinta: Ni kujerun na tsaya a kai. Kujera irin wadda ta zana zurfinta ba ya kasa santi 95. Biyu suna fuskantar juna sun cinye 190 daga cikin 400, saura 210. Teburin tsakiya 60, tazarar gwiwa 45 ta kowane gefe, 150 ke nan. Abin da ya rage santi 60 ne, da kyar mutum ɗaya zai ratsa da tiren shayi, alhali hanyar wucewa ana son ta kai 80 zuwa 90. A hoton kuwa filin tsakiya kamar a yi sallar jam'i a ciki. Ƙanƙanta kujerun ta yi a fakaice.

Ɗan Kwamfuta: Baba, rabin laifin na wanda ya ɗauki hoton ne. Da ganin yadda bangon gefe ya karkace, an yi amfani da idon kyamara mai faɗi, wanda waya ke rubuta wa 0.5. Shi yana miƙe ɗaki ya mai da mita 4 kamar 6, manhajar kuma ta yarda da abin da ta gani. Ga yadda ake ɗauka. Da rana, a buɗe labule, a kashe fitilun ɗaki don kada haskensu da na rana su gauraya launi ya rikice. A bar kyamara a 1. A tsaya a kusurwa ko bakin ƙofa, waya a kwance, a tsayin ƙirji, kamar santi 130 daga ƙasa, a daidaita ta har layukan bango su miƙe sambal. A tabbata ƙasa, silin da bango biyu ko uku sun fito. A kwashe tarkace. A ɗauka daga kusurwa huɗu, domin hoto ɗaya ba ya nuna bangon da ke bayanka.

Sannan manhajojin iri-iri ne, mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Akwai masu zana hoto daga rubutu, kamar Midjourney da ta fito a 2022. Suna da kyau wajen neman salo da haɗin launi, amma ɗakin da suke ba ka ba naka ba ne. Akwai masu karɓar hoton ɗakinka su sake masa kaya, kamar ChatGPT da Gemini da irin su RoomGPT. Akwai kuma masu aiki da awo na gaske, Planner 5D, Homestyler, SketchUp, inda kai za ka ja bango ka rubuta 400 da 600 ka ajiye kujera da girmanta. Na farko da na biyu na neman ra'ayi ne. Na ukun ne ke gaya maka ko zai shiga.

Hajiya Mai Labule: To ni ban ga amfanin wahalar nan ba. In dai a ƙarshe sai an dawo an ɗauki tef an auna, me ya sa ba za a tafi shago a ga kaya da ido ba? Gani ya kori ji. Abin da hotunan nan ke jawowa shi ne mace ta zo da waya a hannu ta ce ita wannan labulen take so, alhali babu yadin da ke zuba haka. Ninkin ya yi daidai kamar an zana da rula, haske na ratsa shi amma wai kuma mai hana rana ne. Biyu ba sa haɗuwa a yadi ɗaya. Mai shara-shara daban, mai toshe haske daban, sai an yi layi biyu, kowane da ƙarfensa.

Injiniya: Hajiya, gaskiyarki a kan yadi, amma amfanin yana nan. Yawancin rigimar mai gida da mai aiki a kan kalma take tasowa. Ta ce "ruwan ƙasa mai haske", shi ya ji wani abu daban, sai an gama fenti a fara da na sani. Mu nan kuma ga matsalar harshe: mai gida na Hausa da Larabcin Hijaz, mai jibs, wato mai aikin allon silin, wataƙila Urdu ko Bangali yake ji. Hoto na yanke wannan. Haka tsakanin miji da mata, a gwada launi shida a dare ɗaya ba a sayi ko gwangwani ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne hoton ya tafi tare da takardar awo, kada ya tafi shi kaɗai.

Hajiya Mai Labule: Na yarda da ta harshen. To tunda an zo awo, ga na labule. Taga mita 2, ƙarfe ya wuce ta da santi 20 kowane gefe, ya zama 240. Don ninki ya cika ana ninka wannan sau 2 zuwa 2.5, wato mita 5 zuwa 6 na yadin da tsayinsa ya kai 280 ko 300. Idan layi biyu ne, kowane layi da nasa lissafin. A bar santi 1 ko 2 tsakanin labule da ƙasa. Wanda ke jan ƙasa a hoto yana da kyau, amma a garin da ake goge tayil kullum saboda ƙura, bakinsa ba ya daɗewa ya yi baƙi. In kuma za a yi jibs, a gaya wa mai jibs tun farko ya bar ramin labule santi 15 na layi ɗaya, 20 ko fiye na layi biyu. Manhaja na zana labule yana fitowa daga silin, ba ta faɗa maka sai an bar masa gurbi.

Mai Jibs: Allah ya saka, Hajiya, kullum sai an rufe silin ake tuna labule. Game da hawa biyun nan, ɗaki mai tsayin mita 3 zai ɗauka amma zai matse. Kowane hawa na cin santi 12 zuwa 15, biyu sun kai 30, an koma 270. Mukayyif na bango kuma yana son sarari kamar santi 15 a samansa domin ta sama yake shaƙar iska. In jibs ya sauko ya danne shi, sanyi ya ragu, injin ya yi ta aiki ba hutu. Sauke mukayyif ƙasa yana nufin taɓa bututun gas da na ruwa, na ruwan kuma in ya rasa gangara sai ya dawo da ruwa a bango. Shawarata hawa ɗaya a gefe-gefe, faɗin santi 40 zuwa 50, a yanke shi a bangon da mukayyif yake. Allon jibs na yau da kullum 120 ne da 240, kauri mili 12.5, fari na ɗaki, kore na wurin danshi kamar kicin da banɗaki.

Amma kafin duk wannan, shagga ta haya ce. A duba yarjejeniyar da ke Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, a kuma samu izinin mai gida a rubuce. In ba haka ba, ranar tashi za a iya cewa a mayar da ɗaki yadda aka same shi, kuɗin ya fita sau biyu.

Maman 'Yan Biyu: Na gode. To yaya zan rubuta mata umarnin don ta daina share mini ginshiƙi? Kuma da wane harshe, Hausa tana ji?

Ɗan Kwamfuta: Manyan manhajojin hira suna jin Hausa daidai gwargwado, sai dai kalmomin kayan ɗaki suna kuɓuce musu. Ce mata tum-tum ko faifai ko jere, ki ga abin da za ta kawo. Larabci ya fi, Turanci ya fi duka, saboda yawancin hotunan da aka horar da su da Turanci aka yi musu bayani. Dabarar ita ce ki rubuta da Hausa, ki ce ta mayar da shi Turanci ta nuna miki kafin ta zana, ki duba ko ta canza ma'ana. Kayan gida kuma ki siffanta su maimakon kiran suna: tum-tum ya zama zagayayyen mazaunin fata mai ado da ɗinki, faɗi santi 50.

Abin da kada a taɓa shi ake fara rubutawa. Misali: "Wannan hoton ɗakina ne, mita 4 da 6, tsayi mita 3. Ki bar bango, ginshiƙin hagu, taga, ƙofa, mukayyif da soket a inda suke da girmansu. Ki bar kusurwar kyamara yadda take. Ki canza launin bango kawai zuwa ruwan yashi mai haske." Ta yi, ki duba. Sannan ki ce ta ƙara zaman ƙasa a jikin bango uku, zurfi santi 80. Sannan labule. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan manhajar tana da burushin da ake shafa wurin da ake so a gyara, yi amfani da shi, ya fi rubutu tsare sauran ɗakin.

Ga wata matsala da mutane ba sa lura da ita. Duk gyara tana sake zana hoton ne, don haka ƙananan kurakurai suna taruwa. Zuwa gyara na biyar taga ta matsa, tayil ya canza girma, launi ya ja zuwa ɗorawa. Bayan uku ko huɗu, koma kan hoton asali ki ba ta duk abin da aka tsayar a umarni ɗaya.

Injiniya: Ga masu kwamfuta mai ƙarfi, akwai hanyar da ta fi riƙe siffar ɗaki: Stable Diffusion tare da ControlNet, wanda ya fito a farkon 2023. Yana ciro miƙaƙƙun layuka ko zurfin ɗaki daga hotonki ya tilasta wa zanen bin su. Akwai kuma ma'aunin yawan canji, daga 0 zuwa 1. Wajen 0.3 zuwa 0.5 ɗakin na nan ana gane shi, in an haura 0.7 kusan sabon ɗaki ne. Amma don majlis ɗaya bai kai wahalar ba.

Ɗan Kwamfuta: Haka ne, Injiniya. Wannan na masu sana'ar ne.

Malamin Islamiyya: Ku ba ni dama in sa baki a abin da ya dame ni a hoton. Maman 'Yan Biyu, faɗaɗa allon da manhajar ta rataye a saman kujerar tsakiya. Daga nesa kamar rubutun aya ne da salon sulusi. Daga kusa babu kalma ɗaya da za a karanta, haruffa ne aka cakuɗa, ga ɗigo a inda babu gurbinsa. Haɗarin shi ne wani ya kai wa mai yankan katako ko mai buga sitika ya ce a yi masa irinsa, a rataye abin da ake zaton Alƙur'ani ne alhali shirme ne, ko aya da harafi a sauye. Ko da sababbin manhajojin sun fara iya rubutu, kada a ɗauki nassi daga wurinsu. A ɗauko daga mus'hafi, a ba mai rubutun hannu, wani mai karatu ya duba kafin a yanka. A hoton kawai a ce ta bar firam babu komai a ciki.

Sannan ku riƙa duba kantoci da tebura. Takan ajiye mutum-mutumi, kwalaben da ba namu ba, hoton fuska, wani lokaci har kare a kan kafet. Kuma ba ta san alƙibla ba. Idan ana son kusurwar salla a ɗaki, a fara tsayar da inda ake fuskanta, a bar wa kowane mai salla kamar santi 70 da 120, kada ya zama gaban ƙofa inda ake gittawa.

Ɗan Kwamfuta: Malam, a kan karen akwai abin dariya. A wasu manhajojin in ka rubuta "ban da kare" a cikin umarni, kalmar kare ta riga ta shiga, sai ta kawo shi. A Midjourney akwai wurin hani na daban, ana rubuta --no sannan sunan abin. A sauran, ya fi kyau ka faɗi abin da kake so ya kasance: tebur a kansa dalla, wato butar gahawa, da ƙananan kofunan gahawa da kwanon dabino, bango da zanen siffofi kawai.

Mai Fenti: A dawo kan koren zaitun. Launin da ke allon waya haske ne ke fitowa daga ciki, na bango kuwa haske ne ke dukansa ya dawo, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Wayoyi biyu ma ba sa nuna hoto ɗaya iri ɗaya. In ka tambayi manhaja lambar launi takan ba ka, da ƙarfin gwiwa, amma sau da yawa lambar ko babu ita a kundin kamfanin ko ta wani launi ce. Je shagon fenti na Jotun ko Jazeera da hoton, a buɗe kundin launuka a zaɓi uku mafi kusa, a haɗa ƙaramin gwangwani na kowane. A shafa murabba'in rabin mita, shafi biyu, a bangon taga da wanda ke fuskantarta. A duba da safe, da la'asar, da dare a ƙarƙashin fitilar da za a yi amfani da ita. A babban bango launi kan fi yadda yake a kati duhu da ƙarfi, don haka in ana shakka a ɗauki wanda ya fi haske da mataki ɗaya.

Lissafi: kewayen ɗaki mita 20 sau tsayi 3, 60. A cire ƙofa da taga, kamar 5, saura murabba'in mita 55. Shafi biyu 110. Lita ɗaya na rufe kusan 10, wato lita 11, ban da share fage da ma'ajun na cike rami, ban da silin mai murabba'i 24. Launi mai duhu a kan farin bango yakan nemi shafi na uku. Ranar barin gida kuma mayar da shi fari ya fi haka cin fenti. Ni da bango ɗaya za a yi wa koren, sauran ruwan yashi.

Hajiya Mai Labule: A nan ban bi ka ba, Mai Fenti. Bango ɗaya mai launi ya zama tsohon yayi. Majlis da dare ake zama a cikinsa, launi mai nauyi a duk bango yana ba shi kwarjini, musamman da labule mai haske.

Mai Fenti: Hajiya, yayi daban, taga ɗaya daban. Ɗakin da hasken rana ke shiga ta kafa ɗaya, in aka zagaye shi da duhu da rana sai an kunna fitila. Amma ga inda manhajar ke da rana: a sa ta zana duka biyun, mai ɗaki ta zaɓa.

Mai Lantarki: Duk wanda aka zaɓa zai taɓa lissafina. Hasken da kuke gani a hoton nan ba shi da tushe, kusurwa ko'ina a haske, babu inuwa, babu waya. A zahiri majlis na son kamar lumen (ma'aunin yawan haske) 150 a kowace murabba'in mita. Sau 24, 3600. Saboda abin da bango da kafet ke shanyewa a ƙara rabi, wajen 5400, in bango mai duhu ne a ƙara sama da haka. Ƙaramar fitilar silin mai wat 7 na ba da kusan lumen 600, wato guda 9. A raba su makunni biyu don a iya rage haske. Launin haske kuma: kelbin 3000 mai ɗumi ne, shi ne ke hoton, 4000 tsaka-tsaki, 6500 fari fat, wanda ya cika gidajen haya, shi ke mai da koren zaitun kamar bangon asibiti. Kada a haɗa 3000 da 6500 a ɗaki ɗaya.

Fitilar ɓoye ta zare ce, bolt 12 ko 24, tana buƙatar taransifoma. Wadda aka fi samu wat 14.4 ce a mita. Mita 20 sun kai wat 288, a ƙara kashi 20 cikin ɗari don kada ta yi zafi, a raba taransifoma biyu. Mai bolt 12 a ba ta wuta duk mita 5, in ba haka ba ƙarshenta ya dusashe. Mai Jibs kuma ya bar ƙofar dubawa, don taransifoma ke fara mutuwa.

Mai Jibs: An ji. 30 da 30 a kusurwa, ba mai lura da ita.

Mai Lantarki: Ƙari ɗaya ga masu odar fitila daga waje saboda sun ga irinta a hoto. Wutar Saudiyya bolt 230 ce, bugu 60 a daƙiƙa, soket mai ƙafa uku irin na Ingila. Tun 2010 aka yanke komawa 230, amma tsofaffin gidaje a Jidda da Makka har yanzu ana samun layin 127 a wasu soket. A gwada da mita kafin a jona. Kayan da aka yi wa wutar Amurka, 120, in suka ji 230 shi ke nan. Kayan Najeriya da Sudan bugu 50 ne; fitila ba ta damuwa, amma abu mai mota kamar fanka gudunsa na canzawa.

Baba Kafinta: Tunda kujerun Turawa sun matse ɗakin, ga lissafin zaman Larabawa, wanda ake ɗinkawa da mita. Zurfi 80 a jikin bango uku. Dogayen biyu, bayan cire kusurwa, 520 kowane, gajeren 240. Jimla 1280, a cire mita 1 na ƙofa, 1180. Mutum ɗaya santi 60, wato mutum 19 a sake, ga fili santi 240 a tsakiya na shimfiɗa ledar abinci. Kujerun da ke hoton ba su wuce mutum 9 ba. Ranar suna ko lokacin Umra da baƙi ke sauka daga gida, za a san bambanci. In akwai tsofaffi masu ciwon gwiwa, a ɗaga shi santi 40 zuwa 45 a kan katako maimakon 20 na ƙasa. Soson zama ya kai kilo 30 zuwa 35 a mita kubik, ƙasa da haka shekara ɗaya ya lotse. Riga mai zif a yi, don wanki.

Katako kuma a kula. Jidda gari ne na danshi, allon garin katako da ba a rufe bakinsa ba yana kumbura, musamman ƙafar da ruwan goge-goge ke taɓawa. A sa ƙafar roba ko ƙarfe santi 5 zuwa 10. A Riyad matsalar akasin haka ce, bushewa ke tsaga ɗanyen katako. Manhaja ba ta san a wane gari ɗakin yake ba sai an gaya mata, ko an gaya mata ma hoton ba zai nuna kumburi ba. Ta kan zana kanta mai tsawon mita 3 tana lilo a bango babu abin da ya riƙe ta, a cike da littattafai. Bangon bulo mai rami ba ya ɗaukar wannan sai da ƙarfe a ciki.

Maman 'Yan Biyu: Baba, zaman Larabawan ya kwanta mini. Amma ina son ɗakin ya nuna cewa na Bahaushiya ne. Da na ce mata salon Afirka, fatar jakin dawa da dodon katako ta kawo mini.

Injiniya: Haka take yi. Ki ce Afirka ta kai ki gandun dabbobi, ki ce Larabawa ta kai ki Maroko da fitilun tagulla da tayil mai shuɗi. Ko salon ƙasar nan sai an kira shi da sunansa: roshan, wato tagogin katako na tsohuwar Jidda, wadda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2014, zanen ƙatt na matan Asir mai alwatika da launuka masu kaifi, da aka amince da shi a 2017, saƙar sadu ta makiyaya, ja da baƙi da fari, 2020, ko ƙananan ramuka masu kusurwa uku na ginin Najdu irin na Dir'iyya. Namu ya fi waɗannan ƙarancin hotuna a intanet, don haka kada ki dogara da suna. Nemo hoton bangon Gidan Makama a Kano, ko bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, na cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, ko dagi a fili, ki ɗora mata tare da hoton ɗakin ki ce ga abin koyi. Dagin ma a duba shi da kyau. Layukansa suna shiga suna fita ne a jere. Ita takan katse shi ko ta ƙara masa kunne. A ba mai yanka zanen gaskiya, hoton ya nuna wuri da girma kawai.

Hajiya Mai Labule: Kuma kada a cika. Faifai bakwai ko tara a bango ɗaya, tum-tum biyu, matasai da saƙi ko rinin shuni. Ya isa. Waɗannan duk suna shiga akwati, kuma ƙusa kaɗan suke so, mai gida ba zai yi magana ba.

Malamin Islamiyya: Kafin a ci gaba da ɗora hotuna, a tuna cikin gida ake fitarwa. Hoton yana tafiya kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. A sauke hotunan iyali daga bango, a duba madubi da gilashin talabijin don mai ɗauka kan fito a ciki ba tare da ta sani ba, sau da yawa ba mayafi. Iƙama, wato katin izinin zama, fasfo, takardar asibiti kada su kasance a kan tebur. Ɗakin kwana a yi tunani sau biyu.

Ɗan Kwamfuta: A kuma kashe alamar wuri a kyamara, don hoto na ɗauke da inda aka ɗauke shi. A saitin yawancin manhajojin hira akwai inda ake hana amfani da abin da ka tura wajen horarwa, a kashe. Wasu masu zana hoto kuma a ƙaramin tsarinsu abin da ka yi a bainar jama'a yake, a karanta kafin a ɗora.

Kuɗi: na kyauta ya isa ɗaki ɗaya in an yi haƙuri da iyakar kullum. ChatGPT na biya dala 20 ne a wata, riyal 75 tunda dala na kan 3.75, ban da haraji. Wanda zai biya ya tara hotuna da awon duk ɗakunan, ya yi wata ɗaya, ya soke a ranar da ya biya don kada ya sabunta kansa. A yi hattara da ƙananan manhajojin waya masu cewa gwajin kwana uku, da yawansu kuɗin mako-mako suke cira.

Maman 'Yan Biyu: To in na fahimta: a auna, a sake hoto, a gyara ɗaya bayan ɗaya, a zana a manhajar awo. Ƙasan fa? Tayil ɗin fari ne mai sheƙi, ita kuma ta sa katako.

Baba Kafinta: A haya ba a fasa tayil. Ko mokit, wato kafet mai rufe ƙasa duka, ko ledar nan mai kama da katako da ake harɗawa ba gam. Mokit faɗin mita 4 yake zuwa, don haka ki auna faɗin a wuri uku, gaba, tsakiya, baya. Ɗakunan nan ba su cika zama daidai ba. In wani wuri ya kai 408, sai an yi ƙari, a sa ƙarin ya faɗa ƙarƙashin mazauni. In mai harɗawa ce, murabba'i 24 da kashi 10 na yanka, a sayi 26 da rabi, a bar mili 8 a jikin bango don tana motsi da zafi. A duba ƙasan ƙofa ko za ta buɗu bayan an ƙara kauri.

Injiniya: Tef ma a yi da na hannu ko na lesa. Manhajojin da ke auna ɗaki da waya, har masu amfani da LiDAR, na'urar auna nisa da ke cikin iPhone 12 Pro da samfuran Pro na bayansa, suna iya kaucewa da santi kaɗan. Don tsara wuri ba laifi, don yankan katako ko labule a'a.

Baba Kafinta: Hajiya, turo mana faɗin ƙofar shagga da ta lif, da tsayin bakin taga daga ƙasa. In bakin tagar bai kai santi 85 ba, majinginin bangon can sai an rage masa tsawo, in ba haka ba tagar ba za ta buɗu ba.

Maman 'Yan Biyu: Ƙofa 90, taga 95 daga ƙasa. Lif ɗin sai mai gida ya dawo daga Isha ya auna.

Baba Kafinta: Tagar ta ba mu hanya. Ya auna har zurfin lif ɗin da tsayin ƙofarsa. In bai kai mita 2 ba, gunduwa-gunduwa za a yi mazaunin, 160 zuwa 180 kowace.